Inna Ba Ta Kiran Sunana

Inna ta rasu ranar Laraba da hantsi, a ɗakinta na gidanmu da ke Gyadi-Gyadi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta mun dawo. Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Aka kafa rumfa a ƙofar gida har ta cinye rabin layi. Masu adaidaita sahu in sun shigo sun ga tabarmi sai su juya ba ƙorafi, wasu ma su kashe mashin su sauko a shafa fatiha da su.

Na lura a zaman makoki kowa da irin Innar da yake zuwa da ita. Limamin layinmu ya ce bai san ranar da ƙosan sadakarta na Juma'a ya yanke ba. Mai kayan miya na bakin titi ya durƙusa ya yi mana gaisuwa, ya ce shekara da shekaru duk ranar da ya auna mata tumatir sai ta ce ruɓaɓɓe ne, amma bai taɓa ganin ta saya a wurin wani ba. Daga cikin gida ana jiyo matan unguwa suna tambayar juna wa zai riƙa yi musu faɗa yanzu in sun bar yaro ya fita ba takalmi. Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda suka taɓa daɗewa ba sa ga-maciji da ita, yana gefe yana jan carbinsa. Sai can da yamma ya ce, kamar da kansa yake magana, "Matar nan ta taɓa kayar da ni a gaban yara, kuma na gode wa Allah da ta kayar da ni."

Ni kuwa duk wanda ya zo sai ya kama hannuna ya ce, "Kai ne babba, sai ka yi haƙuri ka riƙe ƙannenka." Ina amsawa, amma gaskiyar magana kishin ƙannen nan nake yi, gemai-gemai da ni. Autanmu yana kuka yana cewa har yanzu yana jin muryarta tana ƙwala masa kira daga tsakar gida. Ƙanwata ta ce ita Inna ta kira a ƙarshe, ta ce ta gyara mata filo, sannan ta kama kalmar shahada. Ni ba ni da irin wannan abin tunawa. Na haura shekara arba'in a duniya ban taɓa jin sunana a bakin matar da ta haife ni ba.

Washegari da rana ƙanwata ta leƙo ta yafito ni zuwa soro. Ta ce wata dattijuwa ce ta zo daga Daurawa, babu wanda ya san ta a dangi, ta yi kuka har ta fi mu, kuma ta ce tana son ganin na Tarauni. Inna kaɗai ke ce mini haka. Na same ta a tsaye, 'yar siririya, da mayafin da ya sha wanki. Ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Kai ne? Ka yi ƙiba. Alhamdu lillahi."

Na ce, "Baba, ban gane ki ba."

"Yo ina za ka gane ni, ɗan nan. Akwai maganar da na riƙe maka, amma ba ta cikin taro ba ce. In an yi sadakar uku mutane sun ragu zan dawo."

Ta ja mayafinta ta fita, ta bar ni da saƙe-saƙe.

Ɗalibaina na sakandare in na ce musu uwata ba ta kiran sunana sai su zaro ido, su ɗauka wani laifi na yi mata. Su iyayensu mata har hotonsu suke ɗorawa a waya suna rubuta musu kirari. Inna 'yar wani zamani ce, daga ƙauye aka kawo ta Gyadi-Gyadi tun unguwar tana da gonaki a bayanta, kuma da kunyar ɗan fari ta zo. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna nata ne. Ni kuma aka ƙara mini da sunan kakana, surukinta, wanda ko a mafarki ba za ta ambata ba. Kunya biyu ta haɗu a kaina. Ana yaye ni Gwaggo, yayar mahaifina, ta ɗauke ni, sai da na isa shiga makaranta aka dawo da ni gida. Ina yaro ni ne "wannan." Da na samu ƙanne na zama "yayanku." Da na yi aure na kama haya a Tarauni sai aka yi mini ƙarin girma, na zama "na Tarauni," kuma a kan wannan muƙamin ta bar ni.

Ba wai ban san ana sona ba. Tuwo in ya zo mini daga ɗakinta, na san in na tona ƙasan malmala zan tarar da tsokar da ba ta cikin kwanon kowa. In auta ya yi ƙorafi sai ta ce, "Faɗawa ta yi, ni ban gani ba." Ranar da na samu aikin koyarwa na zo na durƙusa na gaya mata, ko kallona ba ta yi ba, ta ci gaba da watsa wa kajinta dawa, ta ce da kajin, "To, Allah ya sa a fara a sa'a." Da yamma ɗaya daga cikin kajin nan ta ƙare a tukunya, aka ce wai dama ta daina ƙwai.

Da aka saya mata waya na ce yau dai na kama ta, tunda dole a sa sunana a ciki. Sai ta sa auta ya rubuta Tarauni. In ta kira ni, daga sallama sai ta ce, "Yaran lafiya? Uwarsu fa?" In na ce, "Ni ma lafiyata ƙalau, Inna," sai ta ce, "Wa ya tambaye ka?" ta kashe. Akwai wani yaron maƙwabta mai sunana, shi ma bai tsira ba, "mai sunan Malam," wato kakana, take ce masa har ya yi gemu.

Abu biyu duk layinmu ya san ta da su. Na farko tsarki. Butarta daban take, a kan dutsenta, kuma wanda ya taɓa ta ya taɓo wa kansa faɗan yini guda. In jika ya yi mata fitsari a zane, ba zanen kaɗai za a wanke ba, har tabarmar da ƙasan wurin, a wanke a sake wankewa tana tsaye tana nuna inda aka tsallake. Na biyu kunnen tari. Mahaifinmu tarin fuka ne ya ɗauke shi ina kwaleji, bayan an kai shi ƙauye neman magani, kuma tun daga nan Inna ba ta jin tari ta wuce. Ta kan katanga za ta ɗaga murya ta ce da maƙwabciya, "Wannan tarin na maigidanki ya kwana biyu, a kai shi a duba." In an ce mura ce sai ta ce, "Tari ba ya ƙarya, mai tari ne yake yi."

'Yan shekarun baya aka gwada jinina aka ce ina ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Da sanin matata da yardarta nake rubuta wannan, domin na gaji da raɗa. Ita an gwada ta Allah ya tsare ta, ta kuma zauna da ni, wannan labarin wata rana ne. Likita ya ce na zo a makare, sojojin jikina sun yi ƙasa ƙwarai, aka ɗora ni a kan magani. Sai na yi irin wayon da yawancinmu masu wannan larura muke yi, na zaɓi asibitin da ke can wani gefen gari inda ba zan haɗu da idon sani ba. Mu biyu muka riƙe maganar, ni da matata.

Maimakon in ji sauƙi sai tari ya kama ni. Zazzaɓi da yamma, zufa har ta jiƙa zanen gado, abinci ya fita daga raina, wando ya fara zamewa sai da na ƙara wa bel huda. Asibitina yana da nisa, ranar komawata ba ta zo ba, sai na je wani ƙaramin asibiti kusa da gida. Matar da ke ba da kati uwar ɗalibina ce, muka gaisa da fara'a, don haka na ce tari kawai nake yi. Suka ba ni 'yar roba na yi kaki a ciki, suka duba a madubin likita suka ce babu komai. Aka sake, babu komai. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce fes yake. Ban ga laifinsu ba, abin da aka kai musu shi suka duba.

A wurinmu kuwa in asibiti ta ce babu komai alhali mutum yana ƙarewa, an san inda magana take dosa. Aka fara cewa sammu ne, wasu suka ce hassada ce ta wurin aiki, kamar akwai abin yi wa hassada a albashin malamin makaranta. A kwanakin nan Inna ta tsiri zuwa Tarauni kullum, wai ganin jikoki. Ba ta shiga ɗakina. Sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida daidai ƙarƙashin tagata ta kama tsinkar zogale, kuma na lura duk lokacin da tari ya turnuƙe ni hannunta yakan tsaya.

Ran nan Baffa ya zo da mota da direba. Ya shigo ya dube ni, ya fita tsakar gida ya ce a haɗa mini kaya, ƙauye za a kai ni, akwai mai magani. A al'ada shi ke da ni, Inna ba ta da bakin magana a kan ɗan fari a gaban dangin miji. Ina kwance ina ji, ba ni da ƙarfin cewa a'a. Sai na ji muryarta, da ƙanwata da ta rako ta take magana, amma yadda har direban da ke waje zai ji.

"Ki gaya wa Baffanki ɗansu ne, ni 'yar kallo ce. Amma ki tambayar mini shi, yayansa da suka kai ƙauye da irin wannan tarin, ya dawo?"

Baffa ya ce, "Asibiti sun duba sun ce ba shi ba ne. Ke kin fi likita ne?"

Inna ta ce da ƙanwata, "Ki ce masa ban fi likita ba. A koma wa likitan a ce ya ƙara dubawa. Wanda ya sa ludayi sau ɗaya bai ga nama ba ai ba ya zubar da miya."

Baffa ya kaɗa riga ya fita, motar ta tafi ba ni a ciki. Ranar na ji daɗin da ban taɓa ji ba, duk da ko zama ba na iya yi. Na ce ashe in ta kama Inna za ta tsaya mini.

Daɗin bai kai magariba ba. Matata ta ga abin ya fi ƙarfin ɓoyo, kuma in za a koma asibiti gara a koma inda suka san ni. Bayan la'asar na ji ta durƙusa kusa da tabarmar Inna tana magana ƙasa-ƙasa. Ban ji kalmomin ba, amma na san me ake faɗa. Sai na ji Inna ta ce a miƙo mata takalminta. Ta fita, ko "Allah ya ƙara sauƙi" da takan jefo ta taga in za ta tafi ba ta jefo ba. Zogalen ma a nan ta bar shi.

Washegari aka kwantar da ni a babban asibitin da nake karɓar magani. Kwanakin farko sun ɓace mini, sai ɗan abin da ba a rasa ba: fanka tana juyawa, ƙarar keken tura marasa lafiya, hannun matata a goshina. Daga baya aka gaya mini suna da na'urar da ta fi madubi gani, amma ita ma kaki take so, ni kuwa ko ƙarfin kakarin ba ni da shi. Sai likitar, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ta ce akwai gwajin fitsari da ake yi wa irina waɗanda garkuwarsu ta faɗi ƙasa. A nan aka kama shi. Tarin fuka ne, wanda Inna ta ji ta taga. Aka fara mini magani, da na ɗan farfaɗo na iya yin kaki na'urar ma ta tabbatar.

Da hankalina ya dawo na tambayi likitar yadda aka yi aka duba har sau biyu ba a gani ba. Ta ja kujera ta zauna. Ta ce a jikin mai ƙarfi, tarin fuka da garkuwa sukan yi dambe a cikin huhu, su yi ɓarna, ɓarnar ta fito a hoto, ƙwayoyin cutar kuma su fito a kaki. A jiki irin nawa babu mai tare shi, sai ya bi jini ya bazu ba hayaniya, kaki ya fito da ɗan kaɗan ko babu, hoto ya fito kamar na mai lafiya. Ta ce, "Malam, da ka gaya musu abin da kake ɗauke da shi, da ba su tsaya a madubi ba." Na ce uwar ɗalibina ce a kan kati. Ta yi murmushi ta ce kusan kowa a ɗakin nan yana da tasa uwar ɗalibin. Shi ya sa duk mai irin larurata da ya ji tari ko zazzaɓi ko rama, nake roƙonsa ya faɗa wa mai duba shi gaskiya duka, kuma in an ce babu komai ya nemi a ƙara dubawa.

A ɗakin nan na ga iyaye mata iri-iri. Wata tana yi wa ɗanta fifita, wata tana ba shi kunu a cokali tana lallashinsa kamar jariri, alhali da furfurarsa. Na tambayi ƙanwata ko Inna tana zuwa.

"Kullum. Tana waje gindin darbejiya, inda masu jinya suke zama."

"Me ya hana ta shigowa?"

Ƙanwata ta kawar da kai. "Ta ce ita wata 'yar garinsu ta zo dubawa."

Da a da ne da dariya zan yi, in ce halin Inna sai ita. Amma yanzu ta san abin da ke jikina, kuma na san yadda take da tsarki. Na kwanta ina kallon ƙofa har aka sallame ni, ba ta shigo ba. Na sha maganin tari wata shida, fitsarina ya koma ja kamar zoɓo, na warke, nama ya dawo, na koma aji. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sai dai na tarar ta ware mini kofi a Gyadi-Gyadi, na silba, an kafa masa ƙusarsa daban. Lokacin tari na ce daidai ne. Tari ya wuce, shekara ta zagayo, kofi yana nan a ƙusarsa. Duk ranar da aka miƙo mini ruwa a cikinsa sai tambayar ta taso mini: wannan nisan da Inna take yi da ni, har yanzu na al'ada ne, ko ƙyamata take yi? Abin ya ci ni ƙwarai. Ban tambaye ta ba, domin ba ita kaɗai aka koya wa kawaici ba, ni ma a gidan na tashi. Ina cewa wata rana zan samu hanya, har Larabar nan ta zo.

Bayan sadakar uku aka naɗe rumfa, layi ya koma na masu adaidaita sahu. Da hantsi dattijuwar Daurawa ta dawo kamar yadda ta ce. Ƙanwata ta shimfiɗa mata tabarma a soro ta kawo ruwa, ta zauna daga bakin ƙofa. Matar ta ce ɗanta ne a gadon da ke kusa da ƙofa a ɗakin da na kwanta, direban tipa ne, ciwonmu ɗaya da shi. A gindin darbejiyar nan suka saba da Inna, tabarma ɗaya, goro ɗaya a raba biyu. Nata ɗan bai fito ba, an gano tarin amma ya riga ya ci jiki. Tun daga lokacin Inna ba ta taɓa barin wata ya wuce ba ta je Daurawa ta duba ta ba. Muka dubi juna ni da ƙanwata, domin mun sha jin "zan leƙa Daurawa," mun ɗauka wata 'yar garinsu ce da gaske.

"Ranar da aka yi maka gwajin fitsarin nan," in ji ta, "matarka ta tafi kai yara a duba su, wannan kuma," ta nuna ƙanwata, "tana can layin karɓar magani. Sai ga nas ta fito da 'yar kwalba da takarda, tana cewa ina masu gadon ƙarshe, a yi maza a kai ɗakin gwaji, da ƙyar aka samu ɗan wannan. Babu wanda ya motsa. Ta sake faɗa. Sai na ga Hajiya ta miƙe."

Na ce, "Inna? Ta karɓi kwalbar fitsari?"

"Da hannunta. Ta sa a cikin mayafi ta damƙe a ƙirji don kada a gani. Na ce bari in raka ta, tunda ni na san hanya. Muka tarar da layi, ga rana. Kafin a zo kanmu zufar hannunta ta goge rubutun jikin kwalbar. Yaron da ke bayan gilashi ya juya ta ya juya, ya ce, 'Hajiya, sunan mara lafiya?' Ta ce, 'Na Tarauni ne.' Ya ce suna yake so. Ta ce, 'Ai yana jikin takardar, karanta in ji.' Ya ce su ba sa karanta wa mutum suna, don duk sunan da aka karanta wa mai jinya eh yake cewa, a je a ba wani sakamakon wani. Ya ce in ba ta sani ba ta koma a sake ɗebo wani. Ni kuma wallahi ban san sunanka ba, da na faɗa mata."

Ta kurɓi ruwa. Ƙanwata ta toshe baki da gefen hijabinta.

"Ta tsaya, mutane a baya suna ta ƙorafi. Sai ta sunkuya ta faɗa a hankali. Yaron ya ce bai ji ba, gilashi ne a tsakani. Ɗan nan, sai ta ɗaga kai ta faɗe shi da ƙarfi, da naka da na mahaifinka, duk layin nan babu wanda bai ji ba. Ya duba takarda ya ce daidai. Ya ce, 'Mene ne naki?' Kuma fa kowa a wurin ya san masu wace larura ake yi wa gwajin nan. Ta ce, 'Ɗana ne. Na fari.'"

Na dubi bangon soron da na sani tun ina yaro kamar yau na fara ganinsa.

"Muka kamo hanyar komawa har muka kusa darbejiya. Ta tsaya ta kama hannuna, tana dariya hawaye yana zuba. Ta ce, 'Shekara arba'in ina riƙe da shi a ciki. Ashe haka yake da daɗi a baki.' Sannan ta ce in na gaya maka tana raye ba ta yafe ba. To, yanzu na sauke."

Na tambaye ta me ya hana Inna shigowa ɗakin, tunda har ta iya wannan. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce, "Cewa ta yi in ta gan ka a kwance ba za ta iya riƙe fuskarta ba, kuma ga surukarta a wurin."

Na roƙe ta ta faɗa mini yadda Inna ta furta shi, inda ta ja da inda ta sauke. Baiwar Allah ta gwada, ta faɗi sunana a soron gidanmu har sau biyu. Sunana ne, amma muryar ba ita ba ce. Ranar da aka faɗe shi da muryar da nake so, ina kwance bango kaɗan ne tsakaninmu, ban san inda kaina yake ba. Mutanen layin gwaji, waɗanda ba su san ni ba kuma ba su damu ba, su suka ji.

Kofin silbar yana gidana a Tarauni yanzu, na cire shi daga ƙusarsa ranar da aka raba kayanta. Har yau ban san dalilin ware shi ba, kuma na daina nema. Da shi nake shan maganina kowace safiya. Dattijuwar Daurawa kuwa ziyararta ta dawo wuyana, Baffa ma ya ce in zan je in biya masa.

Ina kewarki, Inna, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka makwancinki, ya jiƙan mahaifinmu da ɗan baiwar Allahn nan da bai fito ba. Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa a gano ciwonsu da wuri. In tamu ta zo ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu a gidan da uwa ba ta jin nauyin ɗanta na fari. A can ki kira ni sau ɗaya, ko a hankali ne zan ji. Amsar tana nan na tanada tun ina yaro: na'am, Inna.